Filin Shawarwari: In Sa Wa Babur Ɗina Birkin Faifai?

Malam,

Ni magidanci ne, sana'ata dakon hatsi a babur daga ƙauyenmu zuwa kasuwar Saminaka. Shekarata huɗu da babur ɗin, kuma birkinsa gaba da baya duk irin na cikin ganga ne. Mako biyu da suka wuce na ɗauro buhu biyu na masara, ina cikin gangara sai wata yarinya mai tallan gyaɗa ta shigo titi. Na taka birkin ƙafa iya ƙarfina, tayar baya ta ƙame tana jan ƙasa, babur ya ƙi tsayawa. Allah ne ya kiyaye, farantinta kawai na ture, gyaɗar ta watse a kwalta. Har yau in na tuna idon yarinyar nan sai gabana ya faɗi.

Birkin hannu kuwa ban taɓa shi ba, domin yayana da ya koya mini hawa ya ce shi ke kayar da mutum. Tuntuni ma na sa aka sassauta shi. Yanzu wani bakanike ya ce zai ciro birkin faifai, wanda suke kira dis, daga wani tsohon babur, ya yi walda ya ɗaura mini a gaba. Malam, in yarda?

Naka,
Mai dakon hatsi, daga ƙasar Lere

Ɗan'uwa,

Barka da arziki, kai da yarinyar. Amsar tambayarka a taƙaice: kada ka yarda da waldar nan. Amma kafin mu zo kanta, wasiƙarka ta nuna mini cewa birki biyu gare ka, ka kashe babban da hannunka, ka bar ƙaramin yana aikin da ya fi ƙarfinsa.

Duk lokacin da aka ja birki, nauyin babur da na mahayi gaba yake rinjaya. Tayar gaba ta ƙara danne ƙasa, ta baya ta yi sauƙi, shi ya sa take ƙamewa ta yi ta ja kamar yadda taka ta yi. A kan busasshiyar kwalta, kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfin tsayawa daga birkin gaba yake fitowa. Yayanka bai yi ƙarya ba, birkin hannu yana kayarwa, amma in an fizge shi lokaci ɗaya, ko a kwana, ko a kan yashi. Yadda ake yi shi ne ka saki mai, babur yana miƙe, ka matsa hannun sannu a hankali kana ƙara ƙarfi kamar mai tatsar saniya, ƙafarka kuma tana taka na baya a lokaci guda. Nemi kwalta mai tsabta inda ba jama'a, ba kaya a bayanka, ka gwada da ƙaramin gudu har hannunka ya saba. Muhimmancin haɗa su biyun ya kai ga tun watan Afrilun 2019 dokar Indiya, inda ake ƙera da yawa daga baburan da muke hawa, ta wajabta wa sababbin ƙananan babura aƙalla birkin haɗaka, wanda in an taka na baya na gaba ma ya kama.

Sai gyaran abin da kake da shi. Ka sa a kwance ƙafafun biyu a gabanka, ka ga birek shu da idonka. In ya cinye, ko ya yi sulɓi yana ƙyalli, ko giris ya taɓa shi, a canza, kuma ka sayi mai kyau, araha ba ta ado. A goge cikin gangar da samfefa. Wayar birkin hannu in ta fara tsintsinkewa ko tana cijewa, a sa sabuwa. A ɗaure shi yadda hannun zai yi wasan santimita 1 zuwa 2 kafin ya kama, na ƙafa kuma 2 zuwa 3. Akwai wata dabara da wasu kanikawa ke yi in birek shu ya ƙare: su zare ɗan ƙarfen da sandar birki ke ja, su gusa shi haƙori ɗaya ko biyu don birki ya ci gaba da kamawa. Kada ka bari a yi maka, domin wata rana birkin zai iya maƙalewa ya ƙi saki kana tsakar gudu. Ka kuma dubi tayarka. Birki taya yake riƙewa, taya ce ke riƙe ƙasa, in zanenta ya shafe ko mafi tsadar birki ba zai cece ka ba.

Birkin faifai abu ne mai kyau. Ya fi na ganga jure zafi, kuma ba ya daɗewa yake dawowa daidai in ya sha ruwa. Sai dai ba shi kaɗai yake zuwa ba. Yana buƙatar shokar gaba da aka ƙera da mazauninsa, da wili, da faifai, da maƙatar da ke matse faifan, da tiyo, da famfon hannu mai kofin mai, duk na gida ɗaya. Ƙafar shoka galibi alminiyam ce ta zubi, zafin walda yana raunana ta, kuma nan ne duk ƙarfin birkin ke sauka. Ranar da ta ɓalle, a gangara za ta ɓalle, da kaya a bayanka. Wannan shi ne gyaran gangar auzinawa. In ka samu cikakken gaba wanda ya hau babur ɗinka ba yanka ba walda, to bismillah. Sai ka riƙa zuba man birkin da aka rubuta a murfin kofin, DOT 3 ko DOT 4, kana canza shi duk shekara biyu domin yana shan danshi. In ba ka samu ba, tara kuɗinka, ranar canza babur ka sayi wanda ya zo da faifansa daga kamfani.

Saura abu biyu da ba bakaniken da zai gyara maka su: gudu da lodi. In ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke buƙata ninkuwa yake sau huɗu. A gudun kilomita 60 a awa, cikin daƙiƙa ɗaya da za ka yi kafin ƙafarka ta kai birki, ka riga ka ci kusan mita 17. Buhu biyu na masara kuma sun fi babur ɗin kansa nauyi, su ke gasa ganga a gangara har birki ya daina kamawa. Rage lodi, ka sauko da giya tun daga kan tudu, injin ya taya ka riƙewa.

Gobe da safe, kafin ka ɗaura buhu ko ɗaya, kai babur a ɗaure maka birkin hannun nan. Allah ya tsare hanya.