Darasin Kiwon Lafiya: Maruru a Bakin Dubura

Jama'a, darasinmu na wannan wata a kan wani ciwo ne da ake jin kunyar faɗinsa. Shi ne marurun da ke fitowa a bakin dubura. Mutane da yawa sukan ɗauka basir ne, su yi ta shan jiƙo. Alhali kuwa ciwon daban ne.

Yadda yake samuwa

A cikin dubura akwai 'yan ƙananan kafofi. Idan ɗaya ta toshe, ƙwayoyin cuta sukan taru a ciki, su tara mugunya. Sai wurin ya kumbura, ya yi ta zogi dare da rana. Zama ya gagara. Wani har da zazzaɓi.

Maganinsa

Maganinsa shi ne a fitar da mugunyar. Shan ƙwaya kaɗai ba ya isa. A asibiti likita zai yi allurar kashe zafi, ya ɗan tsaga wurin, mugunya ta fita. Daga nan zogi yake raguwa.

Kada a matse shi. Kada a kai wa wanzami ya yi sakiya. Akwai naman da ke riƙe bayan gida a wurin. In aka yanke shi, mutum na iya kasa riƙe bayan gida. Mai ciwon sukari kuwa kada ya kwana da shi, domin nasa yakan bazu da sauri.

Jinya a gida

1. A zauna cikin ruwan ɗumi mai tsabta na minti 15, sau 3 a rana.
2. A yi tsarki da ruwa sosai, a tsane wurin, a sa sabuwar auduga.
3. A yawaita shan ruwa. A ci wake, zogale, kuɓewa da gwanda, don bayan gida ya yi laushi.
4. A shanye maganin da likita ya bayar.

Miki yakan warke cikin 'yan makonni. Idan zazzaɓi ya taso, ko kumburi ya dawo, ko mugunya ta ƙi daina ɗiga, a koma asibiti. Mai yiwuwa wata 'yar hanya ce ta buɗe daga ciki zuwa waje. Ita ma aikin likita ce.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A gaya wa likita gaskiya.

Tambayoyi

1. Me ya sa ba a kai wannan maruru wurin wanzami?
2. Rubuta abinci 3 masu sa bayan gida ya yi laushi.