Amsar Tambaya: A-kori-kurar ɗaukar kekuna

Tambaya: Ina son sayen a-kori-kura don kai kekunan hawan dutse bayan gari. Mai ƙofa biyu zan saya ko mai huɗu?

Amsa: Malam, fara ƙirga mutane kafin kekuna. Misali, bodin Hilux mai ƙofa huɗu kimanin mita 1.5 ne, babban keke kuwa yakan kusa mita 2, ba zai shige a miƙe ba. Na mai ƙofa biyu ya haura mita 2, sai dai mutum biyu ko uku motar take ɗauka.

In da abokan hawa kake fita, ni dai mai huɗun zan ce. Shimfiɗa katifa mai kauri kan murfin baya, ka ɗora kekunan yadda tayarsu ta gaba za ta leƙo waje, ka ɗaure kowane keke tamau don kada gargada ta sa su gogi juna. Ka duba kada tayoyin su rufe lambar mota.