Yadda za ka shirya wayarka kafin haihuwa idan kai mai son ɗaukar hoto ne

Wata biyu ke nan rabona da fita ɗaukar hoto. A da, duk Asabar da la'asar nakan ɗauki waya in yi bayan gari, in ɗauko faɗuwar rana ko samari suna buga ƙwallo cikin ƙura. Yanzu mai ɗakina ta shiga wata na takwas, kuɗin da nake tarawa don canza waya sun tafi wajen awo, kayan jariri da ragon suna. Na san a al'adarmu akwai kunyar ɗan fari, amma ku yi mini afuwa, darasin yau daga nan ya fito.

Abin da na gane shi ne, hotunan da zan fi so a rayuwata suna nan tafe, kuma zan ɗauke su ne a ɗaki mai ƙarancin haske, da hannu ɗaya, ga rashin barci. A lokacin ba ni da sukunin binciken saiti. Duk gyaran da waya ke buƙata yanzu ne lokacinsa.

Fara da ma'adana

Google yana ba kowane asusu 15GB kyauta, kuma Gmail, Google Drive da Google Photos duk daga ciki suke ci. Tun 1 ga Yunin 2021 aka daina ajiye hotuna kyauta ba iyaka a Google Photos. Daga farkon 2024 kuma, ajiyar hirarrakin WhatsApp ta masu Android ita ma ta shiga lissafin wannan 15GB. Masu iPhone kuwa 5GB kawai iCloud ke ba su. Idan wurin ya cika, hotuna za su daina hawa, har saƙon Gmail ma zai daina shigowa.

Da na duba nawa sai na tarar saura ƙasa da 2GB, kuma mafi yawan abin da ya cinye wurin bidiyoyin zaurukan WhatsApp ne da ban taɓa kalla ba. Ka buɗe WhatsApp, ka shiga Settings, sai Storage and data, sai Manage storage, za ka ga manyan fayiloli a jere, ka share. Ka kuma kashe saukar da bidiyo da kansa, domin ranar suna kowane ɗan uwa zai turo nasa.

Sai ka rage girman bidiyon da kyamararka ke ɗauka. A lissafin da iPhone ke nunawa cikin saitinta, minti ɗaya na 1080p yana cin kusan 60MB, na 4K kuma kusan 170MB. Wato minti goma na hidimar suna a 4K ya kai 1.7GB. Mutanen da za su kalla a waya za su kalla, 1080p ya wadatar da su.

Ga kuskuren da ya taɓa cin hotunana na shekara biyu. An zare mini waya a cikin adaidaita sahu, ban wani damu ba tunda na san na kunna Backup. Da na shiga asusuna a kwamfuta sai na ga hotuna ƙalilan ne. Ashe Google Photos yana jiran Wi-Fi ne kafin ya ɗora komai, ni kuma da datar layi nake rayuwa. Yawancinmu haka muke. Don haka ka shiga saitin Backup, ka nemi Mobile data usage, ka ba shi dama, ka sa masa iyakar abin da zai ci a rana don kada ya kwashe maka data. Bayan haka ka gwada: ɗauki hoto ɗaya, ka jira, ka shiga asusunka ta wata wayar ka gani ko ya iso. A aikinmu na rubuta manhaja ba ma yarda da ajiyar da ba mu taɓa buɗewa mun gani ba.

Wani tarkon kuma: idan ka goge hoto a cikin Google Photos, zai tafi daga wayar da kuma intanet gaba ɗaya. Idan wuri kake nema a waya, Free up space za ka danna, shi yana cire waɗanda suka riga suka hau ne kawai. In kuskure ya faru, hoton da aka ajiye yana kwana 60 a kwandon shara kafin ya ɓace. Duk da haka ni na sayi filashin da ake soka wa waya kai tsaye, zan riƙa kwafewa duk ƙarshen wata in jefa a durowa.

Koyi ɗauka a ɗaki

Nan ne sha'awar ta sake yi mini daɗi. Idan haske ya yi kaɗan, kyamara tana barin idonta a buɗe na tsawon lokaci don ta tara haske, kuma duk abin da ya motsa a wannan ɗan tsakanin zai fito dishi-dishi. Night mode yana haɗa hotuna da yawa ne ya mayar da su ɗaya, shi ya sa yake kyau a kan gini amma ya lalace a kan hannun da ke wutsil-wutsil. Zai yi maka amfani idan jariri yana barci, in ya farka ka haƙura da shi.

Maganin kyauta ne: taga. Ka ɗage labule da hantsi, ka sa hasken ya zo daga gefe, kada tagar ta kasance a bayan wanda kake ɗauka. Ka kashe fitilar kyamara, tana firgita yaro kuma tana sa fata ta yi ƙyalli. Ka taɓa fuska a kan allo don kyamara ta mayar da hankali a wurin, in hasken ya yi yawa ka ja shi ƙasa kaɗan. Maimakon jawo hoto da yatsa biyu, matsa kusa da ƙafarka. Ka goge gilashin kyamara da gefen riga, maiƙon hannu yana ɓata hotuna fiye da yadda ake zato.

Ni da ɗan tsanan ƙanwata nake gwaji, na naɗe shi a zani ina zagaya ɗaki da shi, mutanen gida suna ta yi mini dariya. Amma yanzu na san ƙarfe tara zuwa goma ne hasken ɗakinmu ya fi kyau, na kuma saba da ɗauka da maɓallin ƙara sauti, wanda ya fi sauƙi idan ɗaya hannun yana riƙe da wani abu.

Kafin ka tura wa kowa

Kowane hoto yana ɗauke da ɓoyayyen bayani da ake kira EXIF: ranar ɗauka, samfurin waya, da wurin da aka ɗauka idan ka ba kyamara damar sanin wuri. Turawa ta hanyar da aka saba a WhatsApp tana cire wannan bayani, tana kuma rage ingancin hoton. Idan ka tura shi a matsayin Document kuwa, zai tafi da ingancinsa tare da bayanin, har da inda gidanka yake. Ka shiga saitin kyamara ka kashe Location tun yanzu.

Hoton wanka, katin asibiti da takardar haihuwa kada su hau Status. Hoton mai jego kuma sai da izininta, mun riga mun yi wannan maganar da mai ɗakina, kuma ita ce da iko a kai.

In matarka za ta tafi goyon ciki gidan iyayenta kamar tawa, to hotunan makonnin farko da wayarta za a ɗauki mafi yawansu. Duk abin da na lissafa a sama ka yi shi a tata wayar kafin ta tafi, ka kuma nuna mata alamar HD da ke saman hoto idan za ta turo a WhatsApp. Ni jiya na gama saita tata, saura in saya mata caja mai doguwar waya, don soket ɗin ɗakin da za ta zauna yana nesa da gado.