Hutun Hunturu: Makarantar da ke Cikin Gida

Darasi domin iyaye da iyalai na Warra, Yauri, Ngaski da Shanga

Gabatarwa

'Yan'uwa, daga tsakiyar watan Disamba zuwa farkon Janairu makarantu sukan rufe bayan jarrabawar zangon farko, yara kuma su dawo gida na kimanin mako uku. Wannan hutu yakan zo daidai da sanyin hunturu, daidai da ƙarshen girbi, daidai kuma da bikin Kirsimeti da na sabuwar shekara. A garuruwa irin su Yelwa da Warra, inda kasuwa da tasha da bakin ruwa suke dab da juna, yaron da ba a ba shi abin yi ba zai nema wa kansa, ba kullum ne kuwa abin da ya samo yakan zama alheri ba.

Abin da wannan darasi yake so ya kafa a zukatanmu guda ɗaya ne: ranar da malami ya rufe aji, ranar ce aikin koyarwa yake komawa hannun uwa da uba. Bari mu duba yadda iyali za su yi amfani da waɗannan makonni tare, da abin da ƙasarmu da ruwanmu suka tanada, ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba, kuma ba tare da jefa ran yaro cikin haɗari ba.

1. A tsara rana tun daga farko

A daren farko na hutu, ya kamata maigida da uwargida su tara yara su karɓi takardar sakamakon jarrabawa, su duba ta a natse. Inda yaro ya yi ƙoƙari a yaba masa a gaban 'yan'uwansa. Inda ya gaza a tambaye shi dalili kafin a yi faɗa, domin sau da yawa dalilin yakan zama rashin littafi, ko rashin gani sosai daga bayan aji, ko yawan fashi saboda aiken gida. Daga nan sai a raba rana kashi uku. Safiya ta aiki ce: shara, ɗebo ruwa, taimako a gonar rani ko a rumfar kasuwa, kowa gwargwadon ƙarfinsa, maza da mata. Bayan abincin rana a keɓe sa'a guda ta karatu, babba ya saurari ƙarami. Yamma kuwa ta wasa ce, amma da sharaɗi biyu: a san inda yaro yake, kuma ya shigo gida kafin duhu.

Iyayen da ba su yi boko ba kada su ce wannan ba nasu ba ne. Uwar da ta zauna tana tsince shinkafa ɗanta yana karanta mata littafi da ƙarfi ta riga ta yi rabin aikin malami, gama yaro yana gane cewa karatunsa abu ne mai daraja a idon gida.

2. A fita tare, a ga gari

Gani ya kori ji. Yaranmu da yawa an haife su a bakin tafkin Kainji, amma ba su san yadda aka yi ya zama tafki ba. Wata safiya, idan hazo ya ɗaga, uba ya kai su bakin ruwa ya bayyana musu cewa an fara gina madatsar Kainji a 1964, aka gama a 1968, ruwan Kwara ya taru ya zama tafki mai tsawon kilomita kimanin 135. Ya gaya musu cewa an tashi mutum kimanin 44,000 daga garuruwansu da tsibiransu, cewa tsohon garin Bussa yana ƙarƙashin ruwan nan, kuma da yawa daga cikin Gungawa da Kambari da sauran jama'ar yankin sun bar gonaki da kaburburan kakanninsu domin ƙasa ta samu wutar lantarki. Yaron da ya ji wannan a tsaye a bakin gaɓa ba zai manta da shi ba.

Waɗanda suke Yelwa suna iya ƙara wa yara da cewa tun kafin zuwan mota wannan kogi hanya ce ta duniya: Mungo Park ya bi ta ƙasar Yauri kafin ya halaka a gangaren ruwan Bussa a 1806, Richard Lander da ɗan'uwansa John kuma sun sauka a Yauri a 1830 suna neman takardunsa.

Kasuwa ma aji ce. A tafi da yaro wurin masu kifi ya koyi rarrabe giwan ruwa da tarwaɗa, kurungu da karfasa, ya ga yadda ake banda, ya ga warangi a shanye. A kai shi wurin masu albasa, wadda Yauri ta yi suna a kanta, a ba shi lissafi: idan ga kuɗin buhu, ga kuɗin mota, ga ladan ɗan dako, nawa ya kamata a sayar da kashi ɗaya kafin a ce an ci riba? Lissafin da ya gagare shi a allo yakan zauna masa a ka idan ya yi shi da kuɗin cefane a hannu. Sai dai a lura, raka iyaye kasuwa daban, a ɗora wa yarinya tire ta yini tana yawon talla ita kaɗai a tasha daban.

3. Ruwa a lokacin hutu

Wajibi ne iyaye su san halin ruwanmu a wannan lokaci. Kwara tana cika sau biyu a shekara. Cikar farko ita ce ta damina, mai ruwa gurɓatacce, wadda ake kira farin ruwa. Ta biyu kuwa, wato baƙin ruwa, ruwan saman da ya zuba ne a duwatsun ƙasar Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, ya iso mana cikin rani, daga wajen Disamba zuwa Fabrairu. Saboda haka a daidai lokacin da yara suke hutu tafki a cike yake, ruwan yana da sanyi, kututturan itatuwan da ya shanye a ɓoye suke, hazo yana rage gani, iskar hunturu kuma tana tayar da igiya a inda tafkin ya yi faɗi.

Zumunci a ƙafa yake, a wurinmu kuma sau da yawa a jirgi yake, domin dangi suna ƙetare. Ba wanda zai hana ziyara. Amma mutanen Warra ba su manta da ranar 26 ga Mayu 2021 ba, ranar da wani jirgin katako da ya taso daga ɓangaren Jihar Neja ɗauke da mutum fiye da 150 da kaya masu nauyi ya nutse kafin ya iso, waɗanda aka ceto da rai kuwa kimanin 20 ne kacal. Domin haka kowane iyali su riƙe waɗannan ƙa'idodi. Kada a shiga jirgin da aka cika shi fiye da kima, ko da an riga an biya kuɗi. Asarar kuɗin jirgi ta fi asarar rai sauƙi. Kada a yi tafiyar dare, wadda hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa ta hana, kada kuma a tashi cikin hazo mai kauri. A nemi rigar kariya daga nutsewa, a fara sa wa yara. Kowane ƙaramin yaro ya kasance a hannun wani babba da aka ambata da suna.

Wannan ƙa'ida ta ƙarshe tana da muhimmanci a kasuwa da tasha da wurin biki ma. A sura ta biyu ta Bisharar Luka mun ga yadda Maryamu da Yusufu suka yi tafiyar yini guda daga Urushalima bayan idi suna zaton Yesu, yana ɗan shekara 12, yana cikin ayarin dangi, sai bayan kwana uku suka same shi. A cikin taro kowa yakan ɗauka yaron yana wurin wani. Kada a yi zato, a ƙirga.

Game da wanka a gaɓa, a tuna da tsargiya. Ƙwayar cutar tana fitowa daga ƙananan katantanwa na ruwa, ta ratsa fatar mai wanka. Jini a fitsarin yaro ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu suke ɗauka, ciwo ne, kuma yana da magani a asibiti. Hutu lokaci ne mai kyau na kai yaro a duba shi.

4. Hirar dare da harshen gida

Sanyi yakan tara mutane wuri ɗaya, wannan kuwa wata baiwa ce ta hunturu. Bayan tuwon dare a ajiye waya, a kashe talabijin na ɗan lokaci, a ba kaka dama ta yi tatsuniya, kakan yara ya ba da labarin tsohon gari kafin zuwan ruwa. Waɗanda suka ga tashin 1968 da idonsu sun manyanta, kowace shekara kuma suna raguwa. A sa ɗalibin da ya iya rubutu ya ɗauki littafi ya rubuta sunan ƙauyen asali, sunayen kakanni, irin amfanin da ake nomawa, da yadda aka yi ƙaura. Abin da aka rubuta a wannan hutu zai zama gādo ga jikoki.

A yi hirar da harshen gida. Hausa ta haɗa mu a kasuwa da coci, Turanci yana buɗe ƙofar aiki, amma Kambarci da Gunganci da Shanganci ba su da wata makaranta da ta wuce bakin murhu. Shangawa da yawa a yau Hausa kaɗai suke ji, abin da ya faru da harshensu kuma yana iya faruwa da na kowa idan iyaye suka daina yi wa yara magana da shi.

Wajen jin ɗumi a kiyaye. Garwashin gawayi a ɗaki rufe yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci. A fitar da kasko waje kafin a kwanta, a kashe wutar tsakar gida sarai, gama ciyawa da zana a bushe suke, iska kuma ba ta jira.

5. Biki da aljihu

Kirsimeti lokacin murna ne, ya dace yara su sa hannu cikin shirinsa: koyon waƙoƙi, wasan kwaikwayon haihuwar Ubangiji, sharar harabar coci, da kai abinci gidajen maƙwabta, Kirista da Musulmi, kamar yadda su ma suke aiko mana da Sallah. A bar yaro ya ɗauki kwano da kansa ya kai wa gwauruwa ko majinyaci, domin kyauta ma koyonta ake yi. Ranar Lahadin da ke tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara, wadda Ikilisiya ta keɓe domin Idin Iyali Mai Tsarki, iyali su zo Misa tare, su koma su ci abinci tare, wanda yake riƙe da ɗan'uwansa a zuci ya sake shi.

Sai dai a tuna cewa Janairu tana bayan ƙofa. Kafin a sayi akuya ko a kai ɗinki, a ware kuɗin makaranta, na littattafai da na takalmi, a ajiye a inda hannu ba zai kai ba. Manomin da ya sayar da hatsinsa da arha a Disamba domin bikin kwana biyu, shi ne zai saye shi da tsada da damina. Uba kuma ya sani yara suna kallon yadda yake biki. Wanda ya yini a wurin shan burkutu ya riga ya koyar da darasinsa, ko bai buɗe baki ba.

6. Ranar komawa

Ana auna hutu da ranar da ya ƙare. A kowace shekara akwai yaran da suke zuwa hutun Disamba ba su koma aji ba: wani ya ɗanɗana kuɗin su, wani ya bi abokai wurin haƙar zinariya, wata an fara maganar aurenta. Akwai kuma tsoro, wanda ba za a raina ba, bayan sace ɗalibai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri a watan Yuni 2021, da a makarantar St. Mary ta Papiri a ƙaramar hukumar Agwara a watan Nuwamba 2025. Iyaye suna da hakkin su tambayi shugabannin makaranta da hukuma matakan tsaron da aka ɗauka, su yi shawara tare a ƙungiyar iyaye da malamai, idan ya zama dole su mayar da yaro makarantar jeka-ka-dawo kusa da gida. Abin da bai kamata ba shi ne a bar tsoro ko ribar yau su yanke karatun yaro gaba ɗaya, musamman na 'ya mace. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, shekarar da ta wuce yaro kuma ba ta dawowa.

Tambayoyi domin tattaunawa

A taron Zumuntar Mata, na maza, na matasa, ko a gida, a yi nazarin waɗannan:

1. A hutun da ya wuce, sa'a nawa muka zauna da yaranmu ba domin faɗa ko aike ba?

2. Idan muka iso bakin ruwa muka tarar jirgi ya cika, kuma shi ne na ƙarshe a ranar, me za mu yi?

3. Wane tsoho ne a danginmu ko a unguwarmu ya kamata yara su ji labarinsa a wannan hutu?

4. Akwai yaro a Ikilisiyarmu da muke jin ba zai koma makaranta a Janairu ba? Wa zai je gidansu, kuma yaushe?

Allah ya kiyaye shigarmu da fitarmu, a tudu da a ruwa, ya mayar da yaranmu makaranta lafiya. Amin.