Yadda ake tare sanyin hunturu tun daga daɓen ɗaki

A Dakko da sauran ƙauyukan Bakura, Talata Mafara da Maradun, sanyin Disamba da Janairu da asuba yake cizo, balle gidajen da ke daf da fadama da gonakin noman rani na madatsar Bakolori. Maganin yawancin magidanta shi ne ƙara gawayi a kasko. Ga gawayin da tsada, ga ɗumin yana zurarewa ta kafofi. Gyaran ɗakin ya fi sauƙi ga aljihu, kuma da kaka ake yinsa, bayan ruwa ya ɗauke.

Daga ƙasa ake farawa, domin mai kwana a tabarma ta nan sanyi ke kama shi. A fitar da kaya, a tone tsohon daɓen da ya farfashe, a cike ramukan ɓera da na gara. A zuba birji, a baje shi daidai, a yayyafa ruwa. Daga nan aiki ya koma hannun mata: su jeru da madaɓai, suna bugu suna waƙa, har ƙasa ta kwanta. Kafin ranar an riga an jiƙa makuba, ɓawon ɗorawa ke nan, ta kwana cikin ruwa har ya yi ja. A yayyafa ruwan makubar, a sake bugu, a kuma yayyafawa, har daɓe ya yi sumul yana sheƙi. Kada a yi gaggawar mayar da kaya, sai ya bushe ƙarau, don daɓe mai danshi shi kansa sanyi ne. Mai siminti kuwa, tunda siminti ya fi daɓe ɗaukar sanyi, ya shimfiɗa kwali ko buhuna kafin tabarma.

Sai bango. Da rana tsaka ka shiga ka rufe ƙofa da taga. Duk inda ka ga haske ya leƙo, ta nan iska ke shigowa. A cuɗa ƙasa da ciyawa a yaɓe tsagar, a kafa zanar gamba a waje ta arewa maso gabas, inda iskar hunturu ke bugowa. A rataya asabari, a cusa tsumma a ƙarƙashin ƙyaure.

Rufin kwano ba ya riƙe ɗumi ko kaɗan. In babu kuɗin silin, zana ko tabarma da aka ɗaure a ƙarƙashinsa ta wadatar, kuma za a ci moriyarta da bazara.

Amma kada a toshe ko'ina. Gawayi na fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, kuma tana kashe mutum yana barci. A hura shi a tsakar gida har ya zama garwashi, a shigo da kasko ya ɗumama ɗaki, a bar kafa ɗaya ta sama a buɗe, sannan a fitar da shi kafin yara su kwanta.