Filin Shawara: Maigidana na so in sayar da filin gadona ya sayi injin lesa

Anti, maigidana mai walda ne a Panteka, nan Kaduna. Tun da ya ga wani bidiyo a TikTok, inda ake haska ƙarfe mai tsatsa ya koma fes kamar sabo, ya hana ni sakat. Wai in sayar da filin da na gada wurin mahaifina ya yi odar injin daga Sin. Ya ce duk ƙofar da ya haska ta rabu da tsatsa ke nan har abada. Ina son cigabansa, amma gabana yana faɗuwa. Yaya zan yi?

'Yarki daga Kaduna

'Yata, faɗuwar gabanki tana da dalili, domin ayyuka biyu ne maigidan naki ya ɗauka ɗaya ne.

Abin da ya gani a bidiyo wanke tsatsa ne. Hasken lesa yana ƙone tsatsa da tsohon fenti, ya bar ƙarfen tsirara. Ya fi wanki da asid tsafta, tunda babu ruwan guba da za a tuttular a kwata. Amma ƙarfen da aka bari tsirara, damina na sauka zai sake yin tsatsa idan ba a shafa masa fenti ba.

Aikin da ke hana tsatsa da cinyewa daban yake. Riga ake yi wa ƙarfen: a fesa garin wani ƙarfe mai juriya, lesa ta narkar da shi ya manne a jiki. Cibiyar bincike ta Fraunhofer da ke Aachen a Jamus, tare da jami'ar garin, ita ta fito da salo mai sauri da ake kira EHLA, har ya ci kyauta a 2017. Kaurin rigar ba ya wuce rubu'in milimita, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na garin yana zama a jikin ƙarfen. An nemo salon ne don a rage shafen kurom, wanda sinadarinsa ke jawo ciwon daji, abin da ya sa tun Satumban 2017 Tarayyar Turai ta hana aiki da shi sai da izini. Faifan birki da sandunan hayidirolik na manyan injuna ake yi wa wannan riga a masana'anta. Ƙaramin injin riƙewa a hannu ba ya wannan aikin.

Saboda haka ki sami lokacin da hankalinsa ke kwance, ki tambaye shi cikin ladabi: kwastomomi nawa ne za su biya kuɗin wanke tsatsa da lesa alhali ga buroshin waya da arha? Wace wuta zai riƙe injin da ita? Idan ya lalace, wa zai gyara? Ki kuma tuna masa idonsa. Hasken irin wannan injin ido ba ya ganinsa, amma yana iya makantarwa nan take, kuma gilashin walda ba ya tare shi, sai tabarau na musamman. Hayaƙin tsohon fenti ma ba abin shaƙa ba ne.

Batun fili kuwa, gadonki dukiyarki ce, shari'a ba ta ba miji ikon tilasta miki sayarwa ba. Kada ki yi masa gatsali, kada kuma ki yarda da cinikin biri a sama. Ya fara neman inda ake aiki da injin, ya gani da idonsa, ya yi lissafi. In lissafin ya fita, ya tara jari daga sana'arsa. Idan daga baya kin ga dama ki taimaka, ya zama rance a rubuce gaban shaidu. A yanzu dai ki riƙe filinki. Allah ya buɗa masa, ya zaunar da ku lafiya.