Darasin Karatu: Marsiyya da Tunawa da Gida

Iyaye, ga abin da 'yan ajin adabi suka karanta a makon nan. Marsiyya ita ce waƙar da ake yi wa wanda ya rasu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta rubuta irinta ga ɗan'uwanta Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, da kuma mijinta Waziri Giɗaɗo. Ita ma ta san barin gida: tana yarinya aka yi hijira da ita daga Degel zuwa Gudu a 1804.

Yawancin yaran sun ce waƙoƙin kuka ne. Wata ɗaliba ta ƙi yarda. A fahimtarta, Nana ajiya take yi, domin tana ambaton mutum da sunansa da halinsa da alherin da ya yi, don kada mantuwa ta cinye shi. Ta ce haka kakarta ke jero sunayen dangi idan tana daka, har ƙananan suka haddace ba tare da an zaunar da su ba.

Ni dai ina ganin yarinyar ta gano bakin zaren. A wajen aikin sada iyalai, yaron da ya riƙe sunan kakansa da na ƙauyensu ya fi saurin samun danginsa.

Aikin gida: kowane yaro ya tsara baiti huɗu da sunan mahaifi da na kaka da na garinsu. Ku taya shi da dare. Wanda ya yi shiru ko ya fara hawaye, a ƙyale shi sai wani jiƙon.